Tambaya da Amsa: Kilon Ƙarshe da Suka Ƙi Tafiya Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

A wannan fitowar mun tattaro wasiƙun masu karatu da aka yi wa tiyatar rage ƙiba, nauyi ya sauka sosai, sannan ya cije saura kaɗan su kai inda suke so. Likitan tiyata da masaniyar abinci ne suka haɗu suka ba da amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 41, tsawona santimita 162. Wata 15 ke nan da aka yi mini tiyatar da ake yanke tumbi a bar shi siriri. Na shiga da kilo 128, yanzu ina 91, amma wata huɗu ke nan sikeli bai motsa ba. Burina in kai 80. Ina kuskuren yake? Daga uwar 'ya'ya huɗu, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a nemi kuskure, bari mu yi lissafi. Kilo 37 daga cikin 128 ya kusa kashi 29 cikin ɗari. A irin aikin da aka yi miki, wanda likitoci ke kira silib, ana cire kashi 75 zuwa 80 na tumbi, kuma abin da aka saba gani shi ne mutum ya rasa kashi 25 zuwa 30 na nauyinsa. Nauyin kan zube da gudu a wata shida na farko, ya sassauta, ya tsaya tsakanin wata 12 zuwa 18. Tiyatarki ta yi abin da ake sa rai. Kilo 11 da suka rage aikinki ne, kuma za su tafi ne da wata irin tafiya daban.

Abin da ya tsayar da sikelin ba a ɓoye yake ba. Jiki mai kilo 91 ba ya ƙona abin da mai kilo 128 ke ƙonawa, bambancin ya kai kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 400 zuwa 500 a rana. Sannan sinadarin girelin mai tayar da yunwa, wanda mafi yawansa daga saman tumbin da aka cire yake fitowa, yakan faɗi ƙasa bayan aiki, amma a hankali sha'awar abinci na dawowa. Shi ma tumbin ya saki. A makonnin farko cokali huɗu ke cika shi, yanzu yana ɗaukar kusan kofi guda. Ci ya ɗan hau, ƙonawa ta sauka, suka haɗu a tsakiya, sikeli ya tsaya.

Ki ware mako ɗaya kada ki canza komai, rubutu kawai za ki yi. Duk abin da ya shiga bakinki, da lokacinsa, da yawansa, har ɗanɗanon miya a kan murhu da ragowar biskit ɗin yara. Mun san yana da gundura, amma a nan ake kama ɓarawon. Siririn tumbi yana tsare nama da ƙwai da kifi, ya ce miki ya isa. Abin ruwa da abin da ke narkewa a baki kuwa zarcewa suke yi, ko sallama ba sa yi masa. Kofin shayi mai cokali uku na sukari da madarar gari da Milo ya kusa kalori 200. Robar lemo ta rabin lita wajen 200. Cikin tafin hannu na soyayyar gyaɗa 170. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja 120. An tara kusan 700 ke nan, ba a zauna cin abinci ba tukuna, alhali wanda ya shekara da tiyata yawanci tsakanin 1,000 zuwa 1,500 yake ci a yini. Ki ƙara da koko, kunun gyaɗa, fura mai sukari, kunun aya, zoɓon da aka zaƙaƙa, cincin da alewa. Da yayyafi kogi kan cika.

Bayan mako ɗayan, sai a gyara tsarin. Zama uku na abinci a rana, da ƙaramin abu ɗaya ko biyu da kika tsara tun safe, ban da lashe-lashe a tsakani. A kowane zama ki fara da abin gina jiki, sannan ganye, tuwo ko shinkafa su zo ƙarshe in akwai sauran wuri. Idan kika fara da tuwo, shi zai cike gurbin, bayan awa biyu yunwa ta dawo. Ki tauna sosai, ki ɗauki minti 20 zuwa 30, in lokacin ya cika ki ɗauke farantin. Wadda ta zauna da faranti awa guda tana tsakura za ta iya cinye shi tas duk ƙanƙantar tumbinta. Kada ki sha ruwa da abinci. Ki dakata da sha minti 30 kafin ci, ki jira minti 30 bayan ci, domin ruwa na wanke abincin ya wuce da wuri. A sauran yini kuma ki riƙa kurɓa har ki kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Furotin, wato sinadarin gina jiki, da ake so ki samu gram 60 zuwa 80 ne a rana, kuma abincin gida na iya kawo shi. Dafaffen ƙwai biyu da safe gram 12. Kifi mai girman tafin hannu da rana, da miyar alayyahu ko zogale da loma uku ta tuwo, wajen gram 22. Kofin kindirmo marar sukari da la'asar gram 8. Tsokar kaza gram 80 wadda aka cire wa fata da dare, da kabeji da kokwamba, wajen gram 24. Kin haura 65. Wake, alale da awara su ma suna taimakawa, sai dai awara a dafa ta a miya ko a gasa, don in an soya tana shan mai sosai. Dambun nama da tsire suna ɗauke da mai fiye da yadda ido ke gani. Man girki kuwa ki daina tsiyayawa daga jarka, ki auna da cokali.

Sai maganar lokaci. Kilo ɗaya na kitse ya kai kalori 7,700. Idan kika rage 300 a kullum, kilo ɗaya ke nan a wata. Kilo 11 za su ci kusan shekara. Ki hau sikeli sau uku a mako, da safe bayan kin kewaya, kafin ki ci komai, ki duba matsakaicin awon. Gishiri, al'ada da taurin bayan gida na iya ƙara kilo ɗaya zuwa biyu na ruwa a kwana ɗaya. Ki kuma nemi tef ɗin tela ki auna ƙugu daidai cibiya sau ɗaya a wata. Sau da yawa ƙugu na raguwa sikeli yana tsaye, kuma a wajen lafiya raguwar ƙugun ta fi muhimmanci.

Tambaya: Ni na rage cin abinci har sau ɗaya nake ci a rana, wani lokacin shayi kawai. Gashina na zubewa, kullum a gajiye nake, kuma kilo takwas ɗin da suka rage suna nan. In ƙara ragewa? Daga wata malamar makaranta, Zariya.

Amsa: A'a, Malama, kada ki ƙara, kuma muna roƙonki ki dawo da abincinki. Wannan hanya ce da ke lalata sakamakon tiyata. Idan furotin bai ishi jiki ba, tsokarsa yake ci. Tsoka kuwa ita ce ke ƙona abinci ko kina zaune, duk wadda ta tafi ƙonawa na ƙara sauka. Sai ki wayi gari kina ci kaɗan, nauyi bai tafi ba, ƙarfi ya tafi. Zubewar gashi tsakanin wata uku zuwa shida bayan aiki an saba ganinta kuma tana tsayawa da kanta. Wadda ta ci gaba bayan shekara tana nuna ƙarancin furotin, sinadarin ƙarfe ko zink.

Ki je a gwada jininki: yawan jini, ajiyar ƙarfe da ake kira feritin, bitamin B12, folet, bitamin D, kalsiyam, aikin tayiroyid, da suga na wata uku. Duk wanda aka yi wa wannan tiyata ya kamata a yi masa waɗannan aƙalla sau ɗaya a shekara har abada, kuma bitamin ba a daina sha don an ji sauƙi. Kalsiyam ana so miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana, a raba shi kashi biyu ko uku, a kuma bar awa biyu tsakaninsa da maganin ƙarfe, don suna hana juna shiga jiki. Shayi ma na rage shigar ƙarfe, kada ki haɗiye maganin da shi.

Ki kai wa likita duk magungunan da kike sha ya duba. Insulin, gilibenkilamaid na ciwon suga, firednisolon da deksametason, amitiriftilin, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku, duk suna iya riƙe nauyi. Kada ki daina ko ɗaya da kanki. Wasu ana iya canza su, wasu kuma rage yawansu ake yi tunda nauyinki ya sauka.

Sannan ki gina tsokar da ta zube. Tafiya na da kyau, a kai minti 150 a mako, in an samu 300 ya fi, amma tafiya kaɗai ba ta gina tsoka. Sau biyu ko uku a mako ki yi aikin ƙarfi a ɗakinki: zama a kujera da tashi ba tare da dafa hannu ba, tura bango da hannu biyu, ɗaga robar ruwa ta lita ɗaya da rabi sama da kai, riƙe jarka mai lita biyar a kowane hannu ki zaga tsakar gida. Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta, a maimaita sau biyu ko uku. In ya daina yi miki wuya, ki ƙara nauyi. Mutane da yawa suna shekara da roba ɗaya, jiki ya saba, amfanin ya tsaya. Idan kina da kumburi a wurin ɗinki ko a cibiya, likita ya fara dubawa kafin ki ɗauki nauyi.

Tambaya: An yi mini aikin da ake haɗa ƙaramin tumbi da hanji shekara biyu da suka wuce. Idan na ci abu mai zaƙi ko shinkafa, bayan kamar awa biyu sai jikina ya kama rawa, gumi ya karyo, sai na sha lemo nake dawowa daidai. Nauyina kuma ya fara hawa. Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, alamomin da ka faɗa sun yi kama da faɗuwar suga bayan cin abinci, abin da ake yawan gani bayan irin aikin da aka yi maka, wanda likitoci ke kira baifas. Zaƙi na faɗawa hanji kai tsaye, suga ya haura da sauri, jiki ya saki insulin fiye da kima, bayan awa ɗaya zuwa uku suga ya faɗi ƙasa. Lemon da kake sha yana ɗaga shi, amma shi ne ke sake kunna wutar, kuma kowane zagaye kalori 200 ne. Ka sami na'urar gwajin suga ka auna a daidai lokacin da abin ya taso, ka rubuta lambar da abin da ka ci, ka kai wa likita. Kafin nan ka bar lemo, maltina da shayi mai sukari, ka rage shinkafa da biredi zuwa cokali kaɗan, kada ka ci su su kaɗai sai da nama, kifi ko wake. In rawar ta kama ka, ɗan zaƙi kaɗan ya isa, ka bi shi da ƙwai ko kindirmo. Kada ka tuƙa mota a wannan hali. Kuma mai baifas ya guji ibufurofen da diklofenak, suna haddasa gyambo a wurin haɗin.

Tambaya: Anya tumbina bai buɗe ba? Ƙawata ta ce in koma a sake yanka, wata kuma ta ce in yi allurar rage ƙiba da ake yayi. Kilo goma ne suka rage mini. Daga wata mai karatu, Abuja.

Amsa: 'Yar uwa, sakin tumbi kaɗan bayan shekara abu ne da ake tsammani, ba alamar lalacewar aiki ba ce. Buɗewar da ta wuce kima ba a gane ta da hasashe, sai an sha wani farin ruwa an ɗauki hoto, ko an zura na'urar hangen ciki ta baki. Mu dai ba za mu ba ki shawarar sake tiyata saboda kilo goma ba. Aiki na biyu ya fi na farko haɗari, domin ana yanka ne a kan tabo, kuma yoyon ɗinki ya fi yawa. Ana tunaninsa ga wanda bai rasa ko kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa ba, ko wanda nauyi mai yawa ya dawo masa da ciwon suga, ko mai silib da ƙwannafi ya ƙi jin magani, a mayar masa da shi baifas.

Allurar kuwa magana ce ta gaskiya, tana aiki. Semagulutaid, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, da liragulutaid mai suna Saxenda, da tirzefataid mai suna Mounjaro, suna rage yunwa, suna kuma jinkirta fitar abinci daga tumbi. Wani gwaji da aka yi a Landan, aka buga a 2023, ya nuna waɗanda tiyata ba ta rage musu yadda ake so ba sun rasa kusan kashi 9 cikin ɗari na nauyinsu a mako 24 da liragulutaid, waɗanda ba a ba su maganin ba kuwa ko kashi ɗaya ba su rasa ba. Amma a lura, an yi gwajin ne a kan masu sauran ƙiba mai yawa. Likita ne zai duba ko kin cancanta. Ana farawa da kaɗan, semagulutaid miligiram 0.25 a mako, a ƙara bayan kowane mako huɗu. Tana kawo tashin zuciya, amai da taurin bayan gida, wani lokacin duwatsun matsarmama. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta yi. In an daina, yawanci nauyi na dawowa, don haka ki lissafa kuɗin dogon zango kafin ki fara. Tana son firji, kuma akwai jabu: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semagulutaid. Kada ki saya a hannun masu talla a WhatsApp ko Instagram. Kuma duk mai tiyata da amai ya ƙi tsaya masa kwana biyu zuwa uku ya tafi asibiti, domin bitamin B1 na ƙarewa da sauri, ƙarancinsa kuma na taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Tambaya: Na rasa kilo 52, amma fatar cikina ta zubo har cinya, da ta damtse. Shin ita ce ke riƙe sikeli? Wane mai zan shafa? Daga wata matar aure, Sakkwato.

Amsa: Hajiya, wani ɓangare na abin da kike gani a sikeli fata ce, kuma fata ba ta jin yunwa ko motsa jiki. Babu man shafawa, babu ɗamarar ciki da za ta mayar da ita bayan raguwa irin wannan. Tiyata ce kaɗai ke cire ta, kuma abin da ake cirewa yawanci 'yan kilo kaɗan ne, amfaninta a sauƙin tafiya da tsafta da sutura yake. Ana jira a cika wata 12 zuwa 18 da aikin farko, nauyi kuma ya zauna wuri ɗaya wata shida. Jini da furotin su kasance daidai, in ba haka ba ɗinki ba ya warkewa da kyau. Idan kina da niyyar ƙarin haihuwa, ya fi a jinkirta aikin ciki. Bayan aikin akwai mako huɗu zuwa shida ba ɗaukar kaya mai nauyi. Kafin lokacin, ki riƙa busar da ƙarƙashin fatar sosai bayan wanka, ki sa tufafin auduga, in ja da ƙaiƙayi sun fito ki nemi man kulotirimazol a kemis, in bai ji ba a mako biyu ki ga likita.

Tambaya: Azumi na tafe. Ina sa ran shi zai kwashe mini kilo bakwai na ƙarshe. Ya zan tsara shi? Wata 20 da tiyatata. Daga wani magidanci, Kumasi.

Amsa: Malam, Allah Ya kai mu. Likitoci da dama na ba da shawarar a jinkirta azumi wata 6 zuwa 12 bayan aiki, kai ka wuce nan, amma ka ga likitanka kafin wata ya tsaya, musamman in kana shan maganin suga ko hawan jini. Kada ka ɗora wa azumi wannan buri. Abin da ke sauka a Ramadan yawanci yana dawowa bayan Sallah, kuma kayan buɗa baki, kunu, zoɓo, ƙosai, soyayyen dankali da doya, su ne ainihin abincin da ke zarce ƙaramin tumbi. Ka buɗa baki da dabino ɗaya da ruwa kurɓi-kurɓi, ka yi Magariba, ka jira rabin awa, sannan ka ci kifi, kaza ko farfesu marar mai. Bayan Tarawihi ka yi ƙaramin zama na biyu. A sahur ƙwai, wake ko kindirmo. Babban aikin shi ne ruwa: lita ɗaya da rabi tsakanin Magariba da Asuba, a hankali, domin tumbinka ba zai karɓi kofi uku a tashi ɗaya ba. Maganin ƙarfe da dare, kalsiyam a sahur. Jiri mai tsanani, rawar jiki, ko fitsari ya yi duhu ya ragu sosai, alamu ne na a sha ruwa. Marar lafiya na da rangwame a shari'a, malaminka zai yi maka bayanin ramuwa.

Tambaya: Shayin rage teɓa da ruwan khal da safe fa? Daga wata ɗaliba, Bauchi.

Amsa: Ki bar su, ƙanwata. Yawancin irin wannan shayin ganyen filasko ne ko maganin sa fitsari a cikinsa. Zawo da fitsari ke saukar da sikeli kilo ɗaya ko biyu, da kin sha ruwa su dawo. Ga wadda aka yi wa tiyata kuwa, yana fitar da gishirin fotasiyam da zuciya ke buƙata, yana kuma kore bitamin kafin hanji ya tsotse su. Khal da ruwan lemon tsami a cikin da babu komai suna tayar da ƙwannafi, wanda dama shi ne babban ƙorafin masu silib. Idan taurin bayan gida ne ya kai ki ga shayin, ki ƙara ruwa da ganye da gwanda, ki kuma tambayi likita maganin laushin bayan gida da ya dace da aikinki.